Sakainar Kakana da Gurjiya Biyu

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, sai na riƙa jin wani ɗan ƙara daga bakin ɗaki. Ƙwas, shiru. Ƙwas, shiru. Ni kuwa kunnena ba ya barin abu ya wuce, haka Allah ya yi ni. Na ɗaga kai, sai ga jikata durƙushe a kan siminti tana wurga murfin kwalbar lemo sama, ya faɗo ta duba, ta ja ɗan layi a takarda, ta sake wurgawa. Na ce mata ko dai 'yar caca muka samu a gidan. Ta ce a'a, aikin makaranta ne. Wai malaminsu na lissafi ya ce kowa ya je gida ya jefa kwabo sau hamsin ya ga yadda zai riƙa faɗuwa, to da yake kwabo ya zama labari yanzu, ya ce su nemi murfin kwalba. Ta yi tagumi ta ce, "Hajiya, ni fa nawa ya ƙi. Fuska biyu gare shi, kamata ya yi su tashi rabi da rabi, amma sai zama yake yi baki sama."

Na ajiye faifan a gefe. Wannan maganar na taɓa jin ta, kusan yadda ta faɗe ta, daga bakin kakana, a satin da ya fi kowane sati tayar mini da hankali a ƙuruciyata. Bari in ba ka labarin.

A wani ɗan ƙauye kusa da Ɗanzomo na tashi, cikin ƙasar Sule Tankarkar. Gidanmu babba ne, dangar kara, rumbuna a jere, da wata tsohuwar aduwa a bayan gida wadda ƙwallayenta ke zube ko'ina cikin yashi. In an gama girbi gidan nan ƙamshinsa daban yake. Sabon gero a turmi, riɗi an jingine shi dami-dami yana bushewa, mata kuma sun baje zoɓo a tabarma suna ɓara, hannun kowa ja wur kamar an yi masa lalle. Ni a ɗakin kakata nake kwana, wadda muke kira Iya. Na san ƙamshin zanenta, hayaƙi da man shanu da ɗan warin daddawa, na san tarinta, na san inda take ɓoye ƙuli-ƙuli. Tun ina ƙarama ni 'yar gida ce. Ko unguwar gaba aka aike ni, tafiya nake ina waiwaye. Yayata kuwa, wadda nake bi, ita ba haka take ba. Da ta ji kukan mota daga nesa za ta ajiye ko mene ne a hannunta ta ruga bakin hanya, ta tsaya tana kallo har motar ta ɓace.

Muna da gwaggo, ƙanwar babanmu, tana aure a Maigatari. Mijinta fatauci yake yi tsakanin nan da Faransa, kamar yadda tsofaffi ke kiran Nijar. In ta zo ganin gida takan zo da dabino da alewa da wani turare mai ƙarfi da ke kama ɗaki har bayan ta tafi. Mace ce mai fara'a, mai dariya da ƙarfi, amma Allah bai ba ta haihuwa ba. A shekarar da nake ba ka labari, ban fi shekara bakwai ko takwas ba, ta zo bayan girbi, ta durƙusa gaban kakana ta ce tana son a ba ta ɗaya daga cikinmu ta riƙe.

Kai da ka tashi yanzu wataƙila za ka ce ai sai a ce mata a'a. A lokacin ba a yin haka. 'Yar wanta 'yarta ce, ba roƙo ta zo yi ba, nata ta zo ɗauka. Abin da ya rage kawai shi ne wace za a ba ta, kuma a nan aka tsaya. Babanmu kunya ba za ta bar shi ya nuna ɗaya ba, don kada a ce ya fi son wadda ya bari. Innarmu ko bakinta ba ta buɗe ba, maganar 'ya'ya ba tata ba ce a gaban surukai. Iya ta ce ita ba ruwanta, don kowa ya san wadda ke kwana a bayanta. Gwaggo kuma ta ce duk wadda aka ba ta ta gode. Kowa ya janye hannunsa, sai kakana ya ce to a yi ƙuri'a.

A gidanmu in an ce ƙuri'a, sakaina ake nufi. Wani gindin ƙwarya ne da ya fashe tun kafin a haife ni, kakana ya gyara gefensa ya zama kamar tafin hannu, ya yi baƙi saboda riƙo. A soke take cikin jinkar zaure. Da ita ake raba gardama in an yi watanda an kasa nama, ko in mutum biyu suna son abu ɗaya. A wurga ta sama, ko ta kife ko ta zauna baki sama. Akwai kwabo a lokacin, amma kakana ba ya yarda a jefa kuɗi, ya ce wannan aikin 'yan caca ne.

Ba wanda ya gaya mana komai, ka san ba a shawara da yara. Ni dai ina bayan danga ina tsintar aduwa na ji kakana yana gaya wa babanmu cewa ranar Laraba da la'asar za a jefa, don gwaggo ta bi motar kasuwar Maigatari ranar Alhamis da safe. Ya ce in ta kife babbar ce za ta tafi, in ta zauna baki sama ƙaramar ce. Ƙaramar nan kuwa ni ce. Aduwar da ke bakina ta koma ɗaci zalla.

Washegari da hantsi, da maza suka tafi ɗaukar kara, na jawo turmi na taka na zaro sakainar. Ban je da niyyar gwada komai ba. A hankalina na yarinya so nake in lallashe ta, in ga ko tana sona. Na zauna a gindin aduwa na wurga. Ta zauna baki sama. Na sake, ta sake zama. Na uku ta kife, na ɗan ji sanyi. Daga nan na ce bari in riƙa ajiye ƙwallon aduwa, in ta kife in sa a dama, in ta zauna in sa a hagu. Ban iya ƙidaya mai nisa ba, amma ido ba ya buƙatar makaranta kafin ya gane tulin da ya fi wani. Kafin rana ta take, tulin hagu, tulin tafiyata, ya kusa ninka na dama.

A haka Iya ta same ni, majina da hawaye sun haɗu. Ta ce, "Ke kuma uwar kuka, wa ya mutu? Me ya kai hannunki kan kayan Malam, kakanki?" Na nuna mata tulin biyu na gaya mata abin da na ji. Ta yi tsaki ta karɓi sakainar ta wurga. Ta kife. Ta sake, ta kife. Ta sake, wallahi ta kuma kifewa. Iya ta kalle ni ta ce, "Kin gani? Tsoro ne yake miki ƙidaya." Har ta yunƙura za ta tashi na riƙe mata zane na ce, "Iya, ki ƙara. Uku ba ta isa ba."

Ban san me ta gani a fuskata ba, amma ta koma ta zauna. Ta watsar da tulina ta ce a fara sabo, ita za ta jefa ni in ajiye. Da farko na dama ne a gaba, tana ta yi mini dariya. Can suka yi kai ɗaya. Can kuma na hagu ya wuce, bai sake waiwayowa ba. Ta ce yashin wurin ne ba daidai ba, muka koma inda ƙasa ta fi tauri. Ta wurga da ƙarfi, ta wurga a hankali, ta wurga da hagu. Wani lokacin sakainar takan kife sau biyu sau uku a jere har zuciyata ta ɗan kwanta, amma in aka daɗe ana yi sai labarin ya koma inda yake. Zoɓonta na can a tabarma kaji suna tattakawa, ba ta ko kula ba. Daga ƙarshe ta juya sakainar a hannunta, ta auna ta a tafinta. Sai ta ce, kamar da kanta take magana, "Shi ya sa ƙanen Malam kullum yake cewa baki sama in an yi watanda. Shekara da shekaru cinya tana gidansa, muna cewa sa'a gare shi."

Da kakana ya dawo ya zauna a zaure, Iya ta kai masa ruwa, ni kuma na laɓe a inda na saba. Ta ce masa sakainar nan ba ta faɗuwa daidai. Ya ce, "Fuska biyu gare ta. Ko ta kife ko ta zauna, kin taɓa ganin ta uku? Rabi da rabi ne, sauran kuma na Allah ne." Ta ce, "Na Allah ne, Malam, ban musa ba. Amma gindinta ya fi nauyi, shi yake riga zuwa ƙasa. Jefa ka gani." Ya ce shi da furfurarsa ba zai zauna yana wasan yara ba. Iya ta ɗauki kwanonta ta shige.

Bayan azahar gida ya yi tsit, kowa ya kwanta saboda rana. Ni ban kwanta ba. Sai na ji daga zaure, a kan daɓe, ƙwas, shiru. Ƙwas, shiru. Ya daɗe yana yi, ya daɗe ƙwarai. Da la'asar Iya ta kai masa fura, na ji ya yi gyaran murya ya ce, "Sakainar nan tana da son kai." Iya ta ce, "Ashe." Iyakar abin da suka ce ke nan, kuma a wurin mutanen da, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Kakana mutum ne mai tsoron haƙƙi. Da ya gane, bai tsaya rabi ba. Ya sa aka kawo masa gurjiya a faifai, ya zauna yana zaɓe har ya fitar da ƙwaya biyu, ɗaya fara ɗaya ja. Ya jefa su cikin hularsa ya ce Iya ta rufe ido ta laluba ta gaya masa wace ce wace. Ta laluba ta ce wannan ja ce, tana da ɗan tamoji a gefe. Ya duba, haka ne. Ya canza wasu, ya sake canzawa, har aka sami biyun da yatsa ba ya bambancewa. Duk da haka bai yarda da su ba sai da ya gwada, ya girgiza hula ya zaro, ya mayar ya sake, Iya tana ajiye masa wake a gefe biyu. Wannan karon tulin biyu tare suka riƙa tafiya, wannan ya ɗan wuce, wancan ya kamo shi. Ba su tashi daidai cif ba, amma ba wanda ya tsere wa wani. Ya ce, "To yanzu ba wadda aka zalunta. Mai ja ita ce ta Maigatari."

Na shiga ɗaki ina tsalle. Iya ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Kada ki cika murna. Son kai aka cire, ba tafiyar aka cire ba. Rabi yana nan yana jiran ki." Ni a zatona tunda na kama sakaina da laifi shi ke nan na tsira. Sai a lokacin na gane cewa adalci kawai na samo wa kaina, kuma adalci bai yi mini alkawarin komai ba.

Laraba da la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Kakana a zaune da hula a hannu, babanmu a gefe yana kallon ƙasa, innarmu a bakin ɗakin girki ta ba mu baya kamar tana da aiki, gwaggo da Iya a kan tabarma. Aka kira mu, kakana ya yi bismilla ya bayyana mana abin da ake ciki, ya ce babba ita ke fara sa hannu. Yayata ta cusa hannu cikin hula, ta daɗe tana lalube, ta fito da shi a dunƙule. Ta buɗe. Fara ce.

Ba sai na sa hannu ba, amma kakana ya miƙo mini hular, na ɗauko jar gurjiyar nan. Na tuna yadda take da sanyi a tafina. Ban yi kuka ba, kukan ma ya ƙi zuwa. Na kalli rumbu, na kalli aduwa ta saman danga, na kalli ƙofar ɗakin Iya, ina jin kamar an riga an ɗora ni a mota. Duk wahalar da na sha a gindin bishiya, ga inda ta kawo ni.

Sai kuka ya ɓarke, kuma ba nawa ba ne. Yayata ce ta yi jifa da farar gurjiyarta ta zube ƙasa tana birgima. Kowa ya ɗauka rabuwa da ni ce ta dame ta. Gwaggo ta jawo ta tana cewa ta yi haƙuri, Maigatari ba nisa, da salla za ta kawo mata ƙanwarta. Yayata ta fizge ta ce, "Ni ba ita nake wa kuka ba. Ni nake son zuwa." Ashe ita ma ta ji labarin tun ranar farko, har ta ƙulle 'yan kayanta a tsumma ta tura ƙarƙashin rumbu. Kunya ce ta hana ta faɗa, kada a ce ta gaji da gidan ubanta.

Sai gwaggo ta fashe da dariyar nan tata, har tana riƙe ciki. Ta ce, "Baba, wai duk cikinku ba wanda ya tambaye su?" Kakana ya ce, "Yaushe aka fara tambayar yara?" Ta ce, "To ni dai ba zan ɗauki mai kukan tafiya in bar mai kukan zama ba." Ya shafa gemunsa. Sannan ya ce ita ƙuri'a ana yin ta ne in mutum biyu suna son abu ɗaya, ko suna gudun abu ɗaya, nan kuwa ashe babu gardamar da za a raba. Amma tunda an riga an yi, jar tawa ce, sai in na bayar da kaina. Ya juyo ya ce da ni, cikin wasan da ya saba yi mini, "Amarya, kin ba ta, ko kina son ki je ki bar ni?" Bai rufe baki ba na danƙa wa yayata gurjiyar nan, har na haɗa da matse mata yatsu don kada ta faɗi.

Ban san yadda zan kwatanta maka abin da na ji ba. Ka taɓa ɗaukar tulu cike daga rijiya mai nisa, ka iso gida wani ya sauke maka? Wuyana ma sai da na ji ya yi tsawo. Innarmu ba ta juyo ba, amma na ga kafaɗarta tana rawa, har yau ban sani ba ko dariya take ko kuka. Kakana ya tashi ya zaro sakainar daga aljihu ya ce wannan ta gama aiki a gidan nan, ya wurga ta can wajen murhu. Ta yi sama ta juya ta faɗo. Ta kife. Iya ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Kin ga da kin yi shiru, da tun farko yayarki sakainar ta ba tafiyar." Aka sake kwashewa da dariya. Tuwon da na ci da magaribar nan, miyar kuka ce ba ko nama, ban sake cin mai daɗinsa ba.

Da safe motar kasuwa ta zo cike da awaki da buhuna. Aka ɗora yayata a sama kusa da gwaggo. Ni ce na yi ta ɗaga hannu, ita ko waiwaye ba ta yi ba, idonta na kan hanya.

Wannan labarin na ba jikata ranar Asabar, shinkafata na jira. Na ce mata ta rubuta abin da murfin ya yi, kada ta rubuta abin da take ganin ya kamata ya yi. Ta ce tana tsoron malam ya ce ta yi kuskure. Ranar Litinin ta dawo tana murmushi, wai abin da yake so su gano ke nan. Ya ce musu lissafin yiwuwar abu iri biyu ne. Akwai wanda ake yi a zaune, a ƙirga fuskoki a raba daidai, amma wannan ba ya aiki sai fuskokin sun zama daidai da gaske, kamar na kwabo. Akwai kuma wanda sai an gwada, an yi ta maimaitawa da yawa, sannan a ga inda abin ya karkata. Na ce mata to na farkon shi ne na kakana, na biyun na Iya, su dai ba su san sunansa ba. Ta ce malam ya ƙara da cewa duk cikin biyun babu wanda zai gaya maka yadda jifa ɗaya za ta faɗi. Na ce wannan kuma ni na fi malaminku sani.

Yanzu ƙwarya ta yi ƙaranci, roba ta cika gidaje, in ta fashe ba ta barin sakaina. Riƙo ma ya ragu, in za a yi kuwa sai an tambayi yaro, wani lokacin har tambayar ta yi yawa. Kakana da Iya da gwaggo duk sun riga mu, Allah ya jiƙansu. Ni ban yi nisa ba, aurena ma a nan Sule Tankarkar aka yi, Gumel kuwa sai asibiti ko biki ke kai ni. Yayata tana can Maigatari da jikokinta, ta zaga ƙasashe da fataucin zannuwa har ƙafa ta gaji. Duk shekara in an cire gurjiya nakan zauna da faifai in tsince jajaye zalla, in cika mudu in ba direba ya kai mata. In saƙon ya isa sai ta bugo waya, ko gaisuwa ba ta bari mu gama ba, ta ce, "Ta iso. Na karɓa, kuma ba zan mayar ba."

Ni kuma in ce mata, riƙe abinki.